An Gyara wa Baba Tsaf Matakala ta Uku

Shekara arba'in da huɗu Baba Tsaf ya yi yana gini, kuma a duk tsawon shekarun nan babu mahaluƙin da ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure. Idan bango ya karkace, ƙasa ce ta motsa. Idan taga ta ƙi shiga raminta, kafinta ne bai iya awo ba. Sunan ma daga bakinsa ya samo shi, domin da zarar ya ɗora bulon ƙarshe sai ya ja da baya taku uku, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Ya zauna tsaf." Leburorinsa suka riƙa kiransa da haka a bayan idonsa, har wata rana ɗaya daga cikinsu ya manta ya kira shi a gabansa. Shi kuwa ya amsa, don a ganinsa gaskiya aka faɗa.

A yi masa adalci, ya iya gini. Sai dai gidan da ya gina wa kansa, ɗan bene mai matakala goma sha huɗu, yana da aibi guda: matakala ta uku ta ɗara 'yan uwanta tsayi da yatsa biyu. Ranar da suka tare, matarsa ta ɗauko faranti cike da kofuna za ta hau sama, ta yi tuntuɓe a nan, kofi huɗu suka tafi. Ta dubi matakalar, ta dubi mijinta, ta ce, "Magini dai."

"Ɗaga ƙafarki," in ji shi.

Haka suka yi ta yi shekara talatin da ɗaya. 'Ya'yansu biyar sun tashi a gidan sun koyi hawa ba tare da an koya musu ba, amma ita kusan kullum sai ta buga yatsa a wurin, kusan kullum sai ta faɗi kalmominta biyu, shi ma ya mayar mata da nasa biyu. Ta sha cewa ya ɗauko tef ya auna a gabanta a kashe magana. Sai ya ce tef ɗin yana wurin aro. Mutumin da ke kwana da tef a aljihun rigarsa, wai nasa ya yi shekara talatin da ɗaya a wurin aro.

Ta rasu a wata damina bayan gajeruwar jinya. Shekara na zagayowa aka zo faɗaɗa titi, layin ya bi ta tsakiyar falonsa. Ya tsaya a tsallake yana kallon katafila tana fama da ginshiƙansa, kuma abin da kawai ya ce shi ne, "Kun gani ko, sai da ta ja baya sau uku." Daga nan ya koma wurin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke gyaran kwamfuta a wani shago kuma take haya a hawa na biyu na wani dogon gida.

Zama bai karɓe shi ba. Gwiwoyinsa sun hana shi hawa tsani, amma ba su hana shi ƙwanƙwasa bangon mutane ba. Cikin wata guda ya sanar da mai gidan cewa filastarsa yashi ce zalla, ya auna ƙofar maƙwabta ba tare da sallama ba, ya kuma tare wata mata a baranda ya shaida mata cewa inda take shanya ba zai kai shekara goma ba. Matar ta daina gaishe su. Da Auta ta ga abin zai kai su ga neman wani gida, sai ta ɗauko wata tsohuwar kwamfuta daga shago, ta ɗora a kan teburin cin abinci, ta buɗe masa wani wasa.

"Baba, ga duniya guda na kawo maka," ta ce. "Komai na cikinta bulo ne, ƙasa da dutse da itace har da ruwa. Ka danna nan ka fasa, ka danna nan ka ɗora. Ka gina abin da kake so, babu mai gida, babu maƙwabta."

Ya karɓi linzamin kwamfutar kamar an miƙa masa ɗan kaza. Abu na farko da ya yi shi ne sare gindin wata bishiya. Gindin ya tafi, amma sauran bishiyar ta tsaya cak a sama, ba ta dogara da komai ba. Baba Tsaf ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Bishiyar tana nan a rataye.

"Wa ya ba da izinin wannan?"

"Haka wasan yake, Baba. Bulo ba ya faɗuwa, sai dai yashi da tsakuwa."

"To su biyun nan ne kaɗai suka samu tarbiyya," ya ce.

Duk wanda ya san wasan ya san ba a buƙatar harsashi. Kana iya ɗora ɗaki a kan iska ka kwana lafiya. Baba Tsaf ya haƙa ramin harsashi mai zurfin bulo biyar, ya zuba tsakuwa, ya kafa ginshiƙai a kowace kusurwa. Da ya tayar da bango, sai ya yi abin da kowane magini na ƙwarai yake yi wa sabon siminti, wato ya ɗebo bokiti ya ba shi ruwa. Abin da bai sani ba shi ne, a duniyar nan bokiti guda ba ya ƙarewa. Ruwan ya gangaro daga kan bango, ya cika ramin, ya malale fili, ya kwashe kajin da Auta ta sa masa ya yi gabas da su. Ta dawo daga aiki ta tarar da shi zaune yana kallon ambaliya hankali kwance. Ya ce mata kaji dai an yi asara, amma bango ya sha.

Sannan ga jiran bushewa. Ba ya ɗora linta a saman ƙofa ko taga sai bango ya kwana bakwai. Auta ta yi masa bayani cewa yini guda a wasan bai wuce minti ashirin ba, saboda haka kafin ya gama shan shayi ya huta kwana bakwai sun kusa cika. Ya ce shi ba ya aiki da kwanan yara. Ya riƙa ƙirga kwana na gaske a jikin kalandar kicin, yana kunna kwamfuta kowace safiya don kawai ya duba ko bangon ya tsage.

Abokinsa Kafinta, wanda suka yi aiki tare tun suna samari kuma suke musu tun lokacin, yakan zo ranar Asabar ya ja kujera ya zauna a gefensa. Shi abin da ya dame shi ƙofofin wasan ne, don ya leƙa ta ko'ina bai ga ƙusa ko ɗaya ba.

"Wannan ba gini ba ne, jera sabulu ne," in ji Kafinta.

"Kai da ka yi shekara arba'in kana rataya ƙofa a karkace, yau ka samu bakin magana."

"Ramukan da kake bar min ne a karkace."

Sannu a hankali Kafinta ya lura da abin da ke tashi a allon. Ga falo mai taga biyu, ga kicin a hagu, ga lungun da ake ajiye buta da tsintsiya. Ya gane tsohon gidan Baba Tsaf ne, don shi ya yi wa ainihin gidan rufi. Wata takwas Baba Tsaf ya yi yana wannan aiki, har da kwanakin bushewa.

Matakala ce ta ba shi wahala. A wasan duk matakala tsayinsu ɗaya, ɗan mutumin da kake tuƙawa yana haye su sumul kamar ana jan sa da igiya. Baba Tsaf ya hau sau ɗaya, ya sauko, ya ji kamar ya shiga gidan baƙo. Mako uku yana rushewa yana sakewa, bai gaya wa kowa abin da yake nema ba. Sai wata rana da hantsi, garin kawar da wani akwati, ya gano wata ɓaraka a wasan: idan ka ɗora rabin bulo a kan akwati murfinsa na buɗe, sannan ka fasa akwatin, rabin bulon yakan tsaya sama kaɗan da inda ya kamata. Ya kai wannan dabara matakala ta uku. Ɗan mutumin ya taho, ɗaya, biyu, sai ya ci karo ya tsaya. Ba ya wucewa sai an danna masa tsalle.

Daga ranar, kowace safiya idan Auta ta fita, sai ya shiga gidan ya nufi matakala. Ɗan mutumin ya tsaya a ta uku, shi kuma ya cire hannu daga madannai ya bar shi a nan na ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan shirun yake jin muryar matarsa, sarai, da ɗan ja da take yi wa kalmar ƙarshe. Sai ya amsa wa falon da babu kowa, "Ɗaga ƙafarki," ya danna tsalle. Hotunanta suna nan a jaka, tufafinta an raba, gidan ya zama kwalta. Muryar ce kawai ba shi da inda yake samunta sai a wannan rabin bulo, kuma ya san haka.

Shekara biyu ana haka, sai tsohuwar kwamfutar ta fara ciwon ajali. Fankarta ta riƙa kuka, jikinta ya riƙa zafi, takan ɗauke numfashi a tsakiyar aiki. Auta ta duba ta ce ba ta da sauran gyara, za ta kawo masa wata. Matsalar ita ce masu wasan sun sabunta shi sau tara tun daga bugun da Baba yake amfani da shi, sun kuma janye tsohon, sabuwar kwamfuta ba ta ma san shi ba.

"Ka ga, Baba, duniyar nan taka fayil ce," ta ce. "An yanka ta fuloti-fuloti an ajiye, kowane bulo da lambarsa. Sabon bugu ba ya karanta lamba, suna yake karantawa. Dole a juya fayil ɗin zuwa sabon tsari, kuma in an juya ba ya komawa."

"Wato za a sake wa gidana takardu."

"Kusan haka."

"Wancan karon ma da takarda aka fara."

Don ta kwantar masa da hankali, ta buɗe jerin gyare-gyaren da aka yi ta karanta masa a wayarta. An hana kifi hawa tsani. Tumaki sun daina maƙalewa a ƙofa. Ruwan sama ba ya ƙara sauka a cikin ɗaki mai rufin gilashi. Kaza ba za ta sake tuƙa kwalekwale ba. Baba Tsaf yana gyaɗa kai, har ya ce ashe dai akwai masu hankali a cikinsu. Sai ta zo layi na ɗari da goma sha biyu, ta karanta shi da gudu kamar sauran: an gyara kuskuren da ke sa rabin bulo ya ɗaga idan an fasa akwatin da ke ƙarƙashinsa.

"Ba za a juya ba," ya ce.

"Baba, kwamfutar mutuwa za ta yi."

"Zafi ne kawai yake damunta."

Ta roƙe shi ko kwafi ne ya bari ta ɗauka a filas, ɗan abin nan da ake adana fayil a ciki. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin inda aka gina gida aka sa na biyunsa a aljihu ba, kuma duk gidan da ya shiga aljihu ba gida ba ne. Auta ta gaji mahaifiyarta wajen sanin lokacin da ake daina musu da shi. Ta ce to, ta jira ya shiga wanka, ta kwafe.

Shi kuwa ya shiga jinyar kwamfuta. Ya ɗora ta a kan bulo biyu na gaske don iska ta ratsa ta ƙasa. Ya sa Kafinta ya riƙa yi mata fifita da murfin kwali, Kafinta yana yi yana cewa ko matarsa bai taɓa yi wa haka ba. Da zafin ya ƙi sauka, sai Baba Tsaf ya koma ga ilminsa na shekara arba'in da huɗu. Idan rana ta yi wa sabon kankare yawa, buhu ake jiƙawa a lulluɓa masa. Ya samo buhu, ya jiƙa shi sharkaf, ya lulluɓe kwamfutar da kyau har kusurwoyi, ya ƙara yayyafa mata ruwa da hannu. Ta yi wata 'yar ƙara, wani wari ya tashi, allon ya yi baƙi. Garin gyaran gira an rasa ido.

Auta ta dawo ta tarar da dattawa biyu zaune a gaban jiƙaƙƙen buhu kamar masu zaman makoki. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe jakarta ta ciro filas ɗin ta ajiye a tebur. Baba Tsaf ya daɗe yana kallon ɗan abin da bai kai yatsansa ba, sannan ya tambaya ko ginshiƙan ma suna ciki. Ta ce suna ciki.

Kwana uku ta yi tana neman hanyar da tsohon bugu zai tashi a sabuwar kwamfuta, bai tashi ba. Ranar Asabar da safe aka juya fayil ɗin. Wani ɗan layi ya riƙa cika a allon yana ƙirga fuloti, Baba Tsaf yana tsaye a kansa hannu a baya kamar yana duba aikin leburori. Da aka buɗe, gida yana nan. Ciyawa ta ƙara kyau, gajimare ya yi laushi, kajin da ambaliya ta kwashe tun kusan shekara uku ga su can a bakin wani tafki sun yi 'ya'ya. Shi bai kalli ko ɗaya ba. Ya shige falo ya nufi matakala. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗan mutumin ya haye sumul har sama.

Ya sauko ya sake hawa. Ya kawo akwati ya buɗe murfi, ya ɗora rabin bulo, ya fasa akwatin. Rabin bulon ya zauna daidai inda ya kamata, tsaf. Ya gwada sau goma sha ɗaya.

"A rubuta musu," ya ce. "Sun ɓata min aiki."

Akwai shafin da ake kai ƙorafi ga masu wasan, Auta ta buɗe shi. Shafin ba ya karɓar faɗa, tambayoyi yake yi, kowace da akwatinta.

"Sun ce mene ne ya faru."

"Matakala ta miƙe."

Ta rubuta. "Sun ce mene ne ya kamata ya faru."

Kafinta ya sunkuyar da kai yana duba farcensa.

"A yi tuntuɓe," in ji Baba Tsaf.

"A ta nawa?"

"Ta uku."

Hannun Auta ya tsaya a kan madannai. Ta san wannan matakala, a kanta ta koyi tafiya. Ba ta juyo ba, ta ce, "Sun ce a faɗi girman bambancin, in an sani." Wannan tambayar ba ta cikin shafin, ita ta ƙara ta.

"Yatsa biyu. Da ɗan ɗoriya."

"Ka auna ke nan, Baba?"

"Ranar da na cire katako na auna. Tun kafin mamanki ta taka ta."

"Tef ɗin ba ya wurin aro?"

"Yana aljihuna."

Kafinta ya yi gyaran murya ya ce shi ma ya sani, don sai da ya yanke ƙafar makarin matakalar ya daidaita ta da wurin, kuma shekara talatin da ɗoriya yana jiran ranar da za a tambaye shi. Babu wanda ya kula shi.

"Aikin rabin yini ne," Baba Tsaf ya ce, yana kallon allon. "A fasa a sake zubawa. Shekarar farko girman kai ne ya hana ni, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya kuma na zauna na yi tunani, in na gyara, me za ta ce min da safe? Mamanki ba mai yawan magana ba ce."

Auta ta aika saƙon yadda yake. Amsa ta zo bayan kwana huɗu, cikin ladabi. Sun gode masa da kulawa, sun bincika, sun tabbatar matakalarsa tana aiki daidai yadda aka tsara, saboda haka sun rufe ƙorafin. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da wata hukuma ta ba shi shaida a rubuce cewa aikinsa ba shi da aibi, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ya daina kunna kwamfutar. Ko bangon maƙwabta ya daina ƙwanƙwasawa, har matar baranda ta tambayi Auta ko jikin Baba ne.

Ranar Litinin Auta ta raka shi asibiti a duba gwiwa. Da suka dawo da azahar, ya tsaya a gindin matakalar gidan hayar yana mayar da numfashi. Kullum shi yake gaba tana tallafe da shi ta baya, idonsa a kan ƙafafunsa. Ranar ya ce ta wuce ta buɗe ƙofa, zai biyo ta a hankali. Ta ɗauki ledar magani ta fara hawa, tana laluben makulli a jaka. Ɗaya, biyu. A ta uku ta ɗaga ƙafarta sama fiye da yadda ake buƙata, ta tsallake wani abu da babu shi, ta ci gaba.

Matakalar gidan hayar ba ta da aibi a wurin. Shi da kansa ya auna ta a makonsa na farko, yana neman abin da zai gaya wa mai gida.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Sauko ki sake hawa."

"Na yar da wani abu ne?"

"Ke dai sauko."

Ta sauko tana dubansa da mamaki, ta juya ta sake hawa. Ta yi ƙoƙarin tafiya yadda mutane suke tafiya tunda ana kallonta, amma da ta zo ta uku ƙafar ta ɗaga da kanta, yatsa biyu da ɗan ɗoriya. Ta tsaya a ta huɗu tana kallon ƙafarta, kamar yau ta fara ganinta.

Baba Tsaf ya ja da baya taku uku, ya rufe ido ɗaya. Ɗayan ya cika da ruwa har ya daina ganin matakalar sosai.

"Magini dai," ya ce a hankali, ya ɗan ja kalmar ƙarshe.

Auta ta miƙo masa hannu daga sama. "Ɗaga ƙafarka, Baba," ta ce.